Lambar Magarya

Ni Idrisu, shekarata tara ina ba itatuwa ruwa a wani lambun shaƙatawa da ke unguwar Shifa, nan ƙasar Larabawa, kuma wallahi ban taɓa cutar ko tsiro ɗaya ba sai bana.

Bari in fara da Salissou. Mutumin Damagaram ne, dogo, mai surutun tsiya, aikinmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya. Matarsa Zouera ta taɓa aiko masa da tsamiyar kunu, shi kuwa ya ware ƙwallaye uku ya binne a gefen bututun ruwa, can kusurwar gabas. Na ce, "Malam, nan fa ba gonar babanka ba ce." Ya ce, "Ƙasar Allah ce dai." Ɗaya ta fito. Tana kaiwa ƙugunsa zuciyarsa ta tsaya, tiyo na hannunsa. Muka sallace shi muka kai shi. Kaburburan nan ba suna, duwatsu biyu ne kawai. Da na koma bayan mako biyu na yi ta zagaye a rana ban gane nasa ba, na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode Allah.

Tun daga nan tsamiyar ce kabarinsa a wurinmu. Duk Juma'a nakan ɗauki hotonta in tura wa Zouera, ta amso da murya, "Allah ya saka, Malam Idi, ta ƙara tsawo." Abin da ban taɓa gaya mata ba shi ne, sau da yawa in na zo da safe kafin in buɗe famfo, sai in tarar da gindin tsamiyar jiƙe, da sawun babban takalmin roba a laka. Duk cikinmu ba mai ƙafa haka sai marigayin. Ban tambayi kowa ba. Nakan ce "Sannu da aiki" ƙasa-ƙasa in wuce.

Kwatsam sai ga kamfanin da aka ba gyaran lambun. Suka kafa rumfa, suka baza taswira, suka raba wa mutanen unguwa 'yan takardu masu gam, kowa ya manna a kan abin da yake so a fara yi. Samari suka manna filin ƙwallo, iyaye mata suka manna lilon yara, amma hanyar tattaki ce ta cinye, don rabin dattawan unguwar ciwon suga ke damunsu. Mu leburori masu koriyar riga ba wanda ya miƙo wa takarda. Mu dai muka jera kujerun.

Washegari injiniyan ya tara mu ya yi bayani. Duk bishiyar da ke da lamba, wato ɗan ƙarfen nan da ake ɗaura mata a wuya da waya, tana cikin rajista, hanya za ta kauce mata. Wadda ba ta da lamba kuwa ciyawa ce, ranar Lahadi za a sare. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai tsamiya a gabas." Ya duba allonsa ya ce babu ita. Na ce ga ta can a tsaye, ta fi ni tsawo! Ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, wato shi ke nan, ya shige motarsa. Raina ya ɓaci.

Taku goma daga tsamiyar akwai wata tsohuwar magarya mai lamba sittin da uku. Ta girme lambun, an ce da aka zo yin shinge a nan aka same ta. Wata tsohuwa 'yar ƙasa, Ummu Nayif, takan zo bayan la'asar da kujerarta ta roba ta zauna a ƙarƙashinta, ta ba ni dabino da gahawa. Wani lokaci nakan ga ta tsinki ganyen ta ƙulle a gyale, na ɗauka na wanke gashi ne. Na ce a raina, inuwa ai ta cika lambun, ta koma wata mana. Magarya kuwa ko a bola fitowa take.

Ranar Asabar da tsakar rana, lokacin da ko mage ba ta fitowa, na ɗauki filaya na kwance lambar daga wuyan magarya na ɗaura wa tsamiya. Ina murɗawa ina jin kamar mutum na tsaye a bayana, dogo, har inuwarsa ta sanyaya mini wuya. Ban waiwaya ba. Na ce, "Don kai nake yi," amma ba a amsa ba, kuma Salissou bai taɓa yin shiru ba a rayuwarsa.

Masu zarto ba ruwansu da sunan itace, ƙarfe suke dubawa. Kafin azahar ɗin Lahadi magarya ta zama guntaye a bayan tifa.

La'asar na yi sai ga Ummu Nayif tana jan kujerarta. Na so in ɓuya bayan tankin ruwa, amma na tsaya inda nake. Ta tsaya a kan kututturen ta daɗe, sannan ta duƙa tana lalubar ƙasa, ta tsinci ganye huɗu ko biyar da suka yi saura. Ta kira ni.

"Ɗana," ta ce da Larabci, "tana da lamba. Ni na je da kaina na sa aka ba ta."

Na ce, "Haka ne, Umma."

"Mijina ne ya dasa ta. Da ganyenta aka yi masa wankan gawa, da shi aka yi wa ɗana Nayif. Na bar wasiyya ni ma da shi za a yi mini." Ta buɗe tafin hannunta ta dubi ganyen. "Wannan ba zai isa ba."

Inna lillahi! Ni da na ga an yi wa ubana wanka da ganyen magarya a Gumel, shekara tara ina kallon matar nan tana tsinka, ban taɓa kawo haka a raina ba. Kunya da tsoro suka rufe ni.

Ta ce, "Kai kaɗai ka kula da ita, Allah ya yi maka albarka. Tsaya nan kusa da ni." Ta ɗaga hannu ta fuskanci alƙibla. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wanda ya raba ta da bishiyar nan, ya Allah, ka raba shi da ƙasarsu, ya mutu inda ba mai sanin kabarinsa. Sannan ta juyo ta dube ni, idonta cike da hawaye, tana jira.

"Ka ce amin, ɗana."

Na ce amin.