Dawa a Bayan Kicin

Malam Mika'ilu yana tsugune a lungun bayan kicin, yana tsince ciyawa ɗaya-ɗaya daga tsakanin shukarsa, sai ya ji tifa tana juye yashi a ƙofar gida. Bai ɗago ba. Ya san aikin da yashin ya zo yi.

Lungun dai ba wani wurin kirki ba ne. Lokacin da ɗansa Abdulfatahi ya sayi filin a bayan garin Kontagora, katangar maƙwabci ta riga ta shigo a karkace. Aka gina ɗakuna a miƙe, sai wannan ɗan yanki ya ragu, da faɗi a baki, tsukakke a ƙarshe, kamar kan fartanya. Ruwan kwanon gida biyu nan yake zuba. Da damina sai ya kwanta, sauro ya samu gida, har sau biyu cikin wata guda aka kwantar da jikarsa Kausar a asibiti. Shi ya sa Abdulfatahi ya yanke shawarar a cike wurin, a ja kwata, a shimfiɗa bulon daɓe na intalok, a jera tukwanen fulawa.

"Har benci za a sa maka, Baba," in ji shi a makon jiya. "Ka riƙa shan iska."

Mika'ilu ya ce Allah ya yi albarka. Bai iya ce masa ya riga ya ja kunya uku a wurin ya yi shuka ba.

Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu na gefen Kasuwan Garba. Gonarsa ta can, in mutum ya tsaya a wannan kai ya yi kira, na wancan kan ba ya ji. Abin da ya fito da shi daga cikinta gora ɗaya ce ta irin dawa, gauraye da toka saboda ƙwari. Jar dawa ce mai nauyin kai, daga hannun mahaifinsa ya karɓe ta, kuma bai san wani da ya rage da ita ba. Shekarar farko ya ce baɗi za a koma gida a shuka. Ta biyu ma haka ya ce. Bana da ruwa ya sauka ya juye gorar gaba ɗaya a lungun nan, abin da ya tsiro bai kai hamsin ba. Da irin ya ƙara shekara, ko ɗaya ba zai fito ba.

Abdulfatahi ya shigo da magini a bayansa, wani gajeren mutum mai furfura a gemu, igiyar awo a wuya.

"Sannu da hutawa, Baba. Ga Andarawus, shi zai yi aikin." Ya nuna ƙasa da makullin babur ɗinsa. "Ka fara share wannan ciyawar tukuna."

Andarawus ya sunkuya, ya kama ganye ɗaya ya murza, ya duba gindin. Ya dubi tsohon, sannan ya dubi ɗan.

"Oga, a ofis ɗinku wannan ake kira ciyawa?" Hausarsa tana da karin harshen mutanen Salka. "Tuwo ne kake cewa in share."

"Dawa ce?" Abdulfatahi ya juyo. "Baba, ta gorar nan?"

"Ita ce."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Mika'ilu ya kakkaɓe ƙasar hannunsa a hankali. Me zai ce? Gidan ɗansa ne, amma har yau in zai ɗebi ruwa a randa sai ya ji kamar ya nemi izini.

Abdulfatahi ya jujjuya makullin. Can ya ce, "To, a bari sai an yi girbi. Yashi ba ya ruɓa."

Ta tagar kicin Mika'ilu ya hango surukarsa Jawahir, Kausar a kafaɗarta, wuyan yarinyar ya zama siriri kamar na 'yar tsako. Jawahir ta sunkuyar da kai.

"Duk yadda kuka ce, Baba," in ji ta.

Girbin dawa sai bayan ruwa ya ɗauke. Wata huɗu ke nan na sauro.

Andarawus ya ɗaga kai yana auna katangar da ido. "Baba, rana awa nawa take shigowa nan?"

"Daga hantsi zuwa kafin azahar."

"To ai kai ma ka sani."

Ya sani. Tun ranar da ya ga karan suna tashi sirara, suna miƙa wuya wajen haske, ya san ba za su fid da kai ba. Yana dai zuwa kowace safiya ne, don in ya tsuguna ya rufe ido, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ɗaya ne da na can.

"Ku mutanen Kasuwan Garba ba ku iya dashe ba ne?" in ji Andarawus.

"Mu muka koya muku."

"Haba. Mu Kambari da dawa aka haife mu, ku kuwa da sikeli." Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Ina da gefen gona a Salka da tsiro bai fito ba, tsuntsu ya tone. Jiya an yi ruwa, ƙasa na da laima. In an cire yanzu aka datse ganye, kafin la'asar suna cikin ƙasa. In ta yi, ka ɗauki irinka, ka bar mini tiya ɗaya nawa."

"Ƙasar ja ce ko baƙa?"

"Ja, mai ɗan yashi."

"Akwai ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa?"

"Kaɗan, ta wajen gabas. Ba can zan sa ba."

Mika'ilu ya daɗe yana kallon kunyoyin nan uku. In dawar ta tafi, gobe da safe ba shi da inda zai tsuguna, sai benci.

"Kawo buhu," ya ce wa ɗansa. "A jiƙa shi."

Bai bar kowa ya taɓa ba. Da hannunsa ya riƙa tura yatsu ƙarƙashin kowane gindi, ya ɗago shi da ƙasarsa, ya datse rabin ganyen da wuƙar da Jawahir ta miƙo ta taga. Abdulfatahi ya tsuguna gefensa da wandon ofis, yana riƙe bakin buhun. Rabon da su yi aiki ɗaya tare tun yaron yana firamare.

Da aka gama, Andarawus ya ce aikin intalok sai Litinin, ya ɗaure buhun a kan tankin babur ɗinsa. Ya taka zai tayar ke nan, Mika'ilu ya ce ya dakata. Ya shiga ɗaki, ya fito da malfa a ka, da takalmin roba wanda tun zuwansu yake ƙarƙashin gado.

"Baba, Salka fa da nisa," in ji Abdulfatahi. "Kuma ka san halin da hanya take ciki yanzu."

"In ban je ba, zai dasa su kusa-kusa. Na ga hannunsa, hannun mai jera bulo ne."

"Ka ji tsoho," in ji Andarawus, yana matsawa gaba a kan sirdi. "Hau, ka zo ka koya wa Kambari noma."

Kausar ta fito bakin ƙofa tana riƙe da zanen uwarta. Ta dubi malfar, ta dubi takalmin, ba ta taɓa ganin kakanta haka ba.

"Kaka, ina za ka?"

Mika'ilu ya gyara zama, ya dafa buhun ta gefen Andarawus, sanyin ruwan ya ratsa tafin hannunsa.

"Gona," ya ce.