Ramin Soson Malam Badruddeen

Duk wanda ya san Malam Badruddeen a Kabo ya san shi da maganar rami. Malamin wasanni ne a wata sakandare, yana koya wa samari alkafura irin ta gasa, wadda mutum zai juya sau biyu a sama kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ko a wajen suna ka zauna kusa da shi, to wallahi sai ka sha labarin ramin soso.

"Haba Malam," in ji 'yan majalisa, "mu da muka yi ta alkafura a yashin rafi, wa ya mutu?"

Ba ya musu da su. Sai dai ya miƙe a hankali dafe da ƙugu, don yashin rafin ne ya bar shi da wannan ciwon ƙugun tun yana saurayi.

Shekara biyu ya yi yana fama kafin ramin ya tabbata. Da hannunsa ya haƙa shi a wani tsohon ɗakin ajiya na makarantar, zurfinsa ya shanye tsayin mutum, aka shafe shi da siminti. Soson kuwa amininsa Bashari ne ya kawo, mai haɗa kujeru a Gwarzo, wanda suka taso tare tun makarantar allo. Duk guntun da ya ragu a shago sai ya ɗauro a babur ya zo ya zuba. Shi ya sa makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a aljihun Badruddeen, ɗaya a na Bashari.

Da ƙarfin wannan ramin ya je Garo wajen Malam Zainulabidin, mai makarantar Islamiyya, yana roƙon a bar masa Nata'ala. Shi ne autan malamin, ɗan shekara sha bakwai, jiki kamar roba. Sau uku ana ce masa a'a. A zuwa na huɗu malamin ya rufe littafin da ke gabansa.

"Ni ban san wasanku ba. Amana na sani. Ka ce ba zai ji ciwo ba?"

"Allah gafarta Malam, da yardar Allah ko ta ka ya faɗo, soso ne zai tare shi. Na ɗauka a wuyana."

Aka ba shi yaron. Wata takwas ko ƙwarzane bai samu ba.

Ana cikin hutu, kaka ta yi, sai saƙo ya zo cewa an matso da ranar zaɓen 'yan wasa a Kano. Ran Asabar da hantsi Badruddeen ya kira Nata'ala suka buɗe ɗakin. Suna cikin motsa jiki sai ga Bashari a babur, gumi sharkaf, an ce masa an ga ƙofar a buɗe.

"Af, yau kuma? Ai hutu ake. Ku bari sai Litinin mana," in ji Bashari.

"Ina! Laraba za mu Kano," in ji Badruddeen. Ya leƙa ramin, ya gan shi cike har baki, ya ma fi kullum tudu. Daɗi ya kama shi. "Kai mutumina, ashe ƙaro mana ka yi? Allah ya saka."

Bashari ya dubi ramin, ya dubi Nata'ala da ke ja da baya zai ɗauko gudu. Ya ce, "Ba komai."

Nata'ala ya taho, ya daki katakon tashi, ya juya sau biyu a sama, tsaf. Da ya sauka, ƙarar da ta fito ba ta soso ba ce. Sai ihu.

Badruddeen ya faɗa ramin, gwiwarsa ta bugi abu mai tauri. Ya yaye soson, wanda kaurinsa bai wuce kamu ɗaya ba, sai ga buhunan masara jere har ƙasa, kowanne da sunan Bashari da jan fenti.

Ashe bana gonar Bashari ta Kutama ta yi kyau. In ya kai amfanin gida, dangi za su gani su yi layi da kwarya. Nan kuwa ga siminti, ga makulli, babu ɓera, babu idon kowa. Sai ya kwashe soson ƙasa ya jera buhuna, ya lulluɓe su da ragowar.

A asibiti a Gwarzo likita ya ce idon sawun ya karye wuri biyu. Zai taka, amma maganar tsalle a manta da ita. Badruddeen ya zauna a benci. Ɓoye masarar bai ƙona shi kamar wannan "ba komai" ɗin ba. Mutumin nan yana tsaye, da bakinsa, yana kallo!

Bashari ya tsuguna a gabansa. "Don Allah ka rufa mini asiri. Tsautsayi ne. Na zaci soson saman zai isa."

Kafin ya amsa sai ga Malam Zainulabidin da carbi a hannu. Bashari ya riga kowa tashi, ya rusuna, ya yi jaje, sannan ya ƙara da cewa, "Allah gafarta Malam, ni dama na sha gaya masa, wasan nan da soso da babu soso duk ganganci ne. Yau ma sai da na ce su bari."

Badruddeen ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya buɗe baki zai yi maganar masara, malamin ya ɗaga hannu.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin ɗana ya faɗa, ka sa hannu ka duba ramin?"

"Ban duba ba."

"Me ya sa?"

"Na yarda da wanda ya cika shi."

"Ni ma haka na yi," in ji malamin, ya wuce shi ya shiga wajen ɗansa.

Badruddeen na nan tsaye, Bashari ya matso ya yi ƙasa da murya. "Garin ɗauko yaron, makullina ya faɗi. Ara mini naka, in kwashe kayana kafin mutane su gani."