Muryar Baffa Jaji

Shamsiyya ba mai magana ba ce, wataƙila shi ya sa sana'ar hoto ta karɓe ta. Takan zauna gefen masu tallar nono a kasuwar Kusada har su manta da ita, sannan ta ɗaga waya ta ɗauki abin da ya kama mata ido: hannun tsohuwa yana dama fura, ƙwarya da faifai a kai, mata suna sussukar gero. Haladu, mai shagon cajin waya da wankin hoto a Kankiya, shi ya koya mata. Akwai wani kamfani a ƙasar Turawa da ke sayar da hotuna da gajerun bidiyo ga masu jarida da masu talla. Kai naka ka ɗora, idan wani ya saya a ba ka kasonka. Turancin da ake rubutawa a ƙarƙashin kowane hoto Haladu ke rubuta mata, domin ita a firamare ta tsaya.

Ba su kai ashirin ba masu wannan aiki tsakanin Kankiya da Kusada da Tafashiya, kuma dukkansu hanya ɗaya suke bi. Wayoyinsu ba su da wurin ajiya, saboda haka da mutum ya ga kamfani ya karɓi hoto, sai ya goge shi daga waya ya samu wurin wani. Badaru, ɗan acaɓan da ke ɗaukar bidiyon hanyoyi da tashoshin mota, yakan ce kamfanin shi ne rumbunsu, kuma rumbun da gara ba ta ci.

A cikin wannan rumbu mahaifin Shamsiyya yake.

Wata damina ta je rugarsu a Kaikai ta ɗauke shi yana fitar da shanu da safe. Baffa Jaji na gaba, sanda a kafaɗa, malfa ta karkace, yana kiran shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Can ya juyo ya gan ta tsaye a hanya, ya yi dariya ya ce, "Shamsu, kauce, farar nan ba ta san hoto ba." Haladu ya sha faɗa musu su cire murya kafin su ɗora bidiyo. Ita ta manta, kamfani kuma ya karɓa a haka. Ta goge shi daga waya kamar yadda ta saba. Kafin wata daminar ta zagayo, zazzaɓi ya kwantar da Baffa Jaji bai tashi ba.

Bayan an share makoki ta buɗe shafinta ta nemo bidiyon. Yana nan. Amma abin da kamfani ke nuna wa mai kallo ɗan ƙarami ne, dishi-dishi, tambarinsu ya ratsa fuskar Baffa, kuma babu murya. Bakinsa na motsi, ba a jin komai. Ta tambayi Haladu yadda mutum zai karɓo abin da ya ɗora, ba tare da ta ce wanne ba. Ya ce kamfani ba ya mayarwa, sai dai ka saya kamar kowane baƙo, da dala, da katin bankin da ke aiki a waje. Ya faɗi kuɗin, ta ji sun fi ƙarfinta. Ta dai sa a ranta cewa wata rana za ta saya, ta kai wa Inna, mahaifiyarta, su saurara tare.

Sai kamfani ya sauya tsarin biya. Hoton da a da yake sayen kwanon masara ya koma ko datar da aka ɗora shi da ita ba ya mayarwa. Aka ƙara ragewa. Daga baya aka ji sun zuba hotunan mutane a cikin wata na'ura da ke ƙera nata hotunan, masu saye suka koma can. Ranar da Shamsiyya ke jira ta yi ta ja da baya.

Haladu ya tara su a shagonsa wata Asabar da hantsi. Maza a kan benci da buhunan da ke ƙofa, Shamsiyya da Kamila, ɗayar macen da ke cikinsu, a kan tabarma kusa da firji.

"Masu hoto na duniya sun gaji," in ji Haladu, yana nuna musu wayarsa. "An sa rana. Kowa zai janye kayanshi daga shafin, mai saye ya shigo ya tarar da kasuwa ba kowa. In suka ji a jikinsu za su dawo da tsohon farashi."

"Su ji mu?" Badaru ya ce. "Bature na can yana shan shayi, sai a ce mashi ranka ya daɗe, Kankiya ta yi fushi. Ya ce ina ne Kankiya?"

Aka yi dariya. Haladu bai yi ba.

"Ba mu kaɗai ba ne. Akwai 'yan Indiya, akwai 'yan Rasha, dubbai. Mu dai mu cika namu."

Kamila ta ce, "Yaya Haladu, ai akwai wurin da ake danna a ɓoye hotuna, in an shirya a sake buɗewa. Mi zai sa mu goge?"

"Don na san mu," ya ce. "In ɓoyewa ce, kafin la'asar Badaru ya buɗe nashi a bayan masallaci."

"Wallahi kafin azahar," in ji Badaru. "Ni ba na ɓoye halina."

Aka yi ta ja. Wani ya ce yajin da ake iya janyewa a asirce ba yaji ba ne. Wani ya tuna musu yadda 'yan acaɓa suka taɓa yin alkawarin ƙin biyan wani haraji, gari na wayewa kowa ya bi ta bayan ɗan'uwansa ya biya. A ƙarshe aka tsaya a kan gogewa. Kuma don kada wani ya bar wasu a ɓoye, aka ce ranar kowa zai buɗe shafinsa ya sa waya a cikin roba, a juya, wayar da ka ɗauka, hotunan mai ita za ka goge. Haladu ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha a kai.

Shamsiyya ta shafa tare da su. Tun da aka fara maganar take haɗa abin da za ta ce. Ta yaya za ta buɗe baki a gaban maza ta yi zancen mahaifinta? Ta san in ta fara kuka zai riga ta, kuma ba a yi mata tarbiyyar kuka a gaban mutane ba.

A kwanakin da suka rage ta gwada abin da take iyawa. Ta je banki a Kankiya ta tambaya ko katinta zai yi sayayya a waje, ma'aikacin ya ce irin nata ba ya yi, ko yana yi ma abin da ke ciki bai kai ko'ina ba. Ta naɗi ɗan bidiyon daga fuskar waya, da tambarin da komai, amma shiru ta naɗa. Ta kira Haladu sau biyu. Na farko suka gaisa, ya tambaye ta Inna, ta ce lafiya lau, ta kashe. Na biyu bai ɗauka ba, ta ji kamar an sauke mata kaya.

Ranar da aka sa ta fito da wuri don ta same shi shi kaɗai. Ta tarar shagon ya cika. Har da waɗanda ba su taɓa ɗora hoto ba sun zo kallon yajin aiki. Haladu na ta kai da kawo, yana jona wayoyi a caji.

"Yaya Haladu," ta ce.

"Na'am, ɗiyar Baffa. Kin buɗe shafin? Sa a roba."

Ta sa. Aka rufe robar da ɗankwali aka juya. Ita wayar wani yaron Tafashiya ta ɗauko. Tata ta faɗa hannun Badaru.

Ya zauna a bakin benci yana ja da yatsa. "Ƙwarya. Ƙwarya. Wata ƙwaryar. Ke Shamsiyya, akwai ƙwaryar da ta tsira daga gare ki a Kusada? Yo ga ludayi ma an yi mashi hoto shi kaɗai kamar ango."

Mutane suka yi dariya. Ita idonta na kan yatsansa.

Sai ya tsaya. Muryarsa ta sauka. "Allah sarki. Baffa Jaji ne wannan. Allah ya jiƙan shi, ya sha ba ni nono a ruga bai karɓi ko sisi ba."

"Amin," aka amsa. Kowa ya juyo yana kallonta.

"Wannan dai kina da shi a ajiye ko?" Badaru ya tambaya.

Idanu sun yi mata yawa. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana neman numfashin da za ta ce a'a da shi. Badaru ya ga budurwa ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ya fahimci abin da kowa a wurin ya fahimta.

"Madalla," ya ce. "Da na ce a bar shi."

Ya danna wurin gogewa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya sake dannawa. Ya miƙo mata da hannu biyu kamar mai ba da kyauta. Shafin fari fat.

Aka yi kabbara da tafi. Haladu ya ɗauki hoton wayoyin a jere ya tura wa 'yan ƙasashen waje, wani daga can ya turo alamar hannu a dunƙule. Shamsiyya ta goge na yaron Tafashiya kamar yadda aka ce, ta mayar masa, ta fita ta hau mota zuwa Kusada. Da Inna ta tambaye ta yadda taron ya kasance, ta ce lafiya lau.

Kamfani bai ce uffan ba. Mako ya wuce, wani ya biyo. Sai labari ya fara shigowa cewa manyan masu hoto na ƙasashen waje ɓoyewa suka yi, ba gogewa ba, kuma ɗaya bayan ɗaya sun sake buɗe nasu, suna cewa suna da iyali. Farashi na nan inda yake. Mai neman hoton ƙwarya ya shiga ya samu dubbai, wasu na mutane, wasu na na'ura. 'Yan Kankiya ne kawai suka tashi ba su da komai, babu a shafi, babu a waya.

Ran kasuwar Kusada Haladu ya zo har inda take zama gefen masu nono. Ya rame. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaishe da matan, sannan ya juyo.

"Ina bin kowa ne ina ba shi haƙuri," ya ce. "Ni na kawo maganar gogewa. Na ɗauka in muka nuna da gaske muke..." Ya kaɗa kai. "Badaru ya koma acaɓa gaba ɗaya. Kamila ta ce za ta sake farawa. Ke fa? Ƙwarya dai ba ta ƙare ba."

Babu taron maza yanzu, sai hayaniyar kasuwa da ta rufe su.

"Yaya Haladu, abin da aka goge, ana iya dawo da shi?"

"Na tambaya. Sun ce in ka goge da hannunka, shi ke nan. Mi ya faru?"

"Bidiyon Baffa. Da muryarshi a ciki. Ba ni da wani."

Ya kalle ta bai gane ba, sannan ya gane. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Innalillahi. Shamsiyya! Ba Badaru ya tambaye ki ba? A gabana ya tambaye ki."

"Ya tambaya."

"Yo mi ya hana ki faɗi? Wallahi da kin ce a'a babu wanda zai taɓa shi. Bidiyo ɗaya? Wa zai ce kin karya alkawari don bidiyo ɗaya?"

Wata mai nono ta leƙo tana tambaya ko lafiya, Haladu ya ce lafiya, Adda, maganar aiki ce.

"An taɓa sayenshi?" ya tambaya a hankali.

"Sau ɗaya."

"To yana wurin wani. Sai dai kamfani ba ya faɗin wanda ya saya." Shi kansa ya ji maganar ba ta da inda za ta.

Shamsiyya ta ce, "Kai ka san shi. Ka tuna yadda muryarshi take?"

"Tana da ɗan kauri," ya ce. "Ko kuwa... a'a, wannan ta ƙanenshi ce. Yana dai jan magana. Ki yi haƙuri, ban riƙe ba."

Ta gyaɗa kai. Ita ma tun ranar take gwadawa. Kalmomin suna nan, ta san abin da ya ce da inda ya yi dariya, amma duk lokacin da ta maimaita su a ranta, da muryarta suke fitowa.

Haladu ya miƙe ya mayar da hula. Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya yi sallama ya bi ta cikin masu awo. Matar da ke kusa ta taɓa gwiwar Shamsiyya ta ce yau ba za a ɗauke su ba ne, ga ta ta yi sabon kitso. Shamsiyya ta ce waya ba caji.