Jar Karfasa a Tafkinmu

"Kafin ki zo da kwalabenki, wa ya taɓa ganin jar karfasa a ruwan nan?"

Kawu Tanko ne, shugaban masuntan ƙauyenmu da ke bayan Paki. Ya riƙo kifin ta wutsiya. Ƙirjinsa ja wur, kamar an yanka shi.

"Baba, ɗibar ruwa nake yi a kwalaben, ba zubawa ba," in ji Malama Firdausi.

"To lalle ya sa wa kansa ke nan?"

Ba wanda ya yi dariya. Samari sun riga sun kewaye motarta.

Daga Zariya take zuwa, shekara uku ke nan. Tana binciken dalilin da ya sa karfasar tafkinmu baƙa ce, ta wani kududdufi a Malikanchi kuma ja. Ta ce ruwan biyu sun daɗe da rabuwa, kowane kifi ya bi launin da ya fi masa a inda yake. Ni nake jefa mata koma tun da na gama sakandare. Ta ɗauki hoto, ta auna, ta rubuta.

Abu ɗaya ta gargaɗe ni a kai: kada kifin can ya taɓa ruwan nan.

Bara da damina muka dawo daga Malikanchi, ta sauke ni ta wuce Makarfi. Sai a bakin hanya na ga sauran kifin can a bokiti. Ƙanana ne, guda tara, suna motsi. Mu a gidanmu ba a barin ɗan kifi ya mutu a tudu. Ruwa ake mayar da shi, kowane ruwa ya fi kusa. Haka mahaifina ya koya min. Hannuna ya juye bokitin a tafkinmu kafin kaina ya tuna.

Yanzu sun hayayyafa. Mata sun daina saye. Ana cewa guba ce, jini ne ya taru a ƙirjin kifin. Yaron maƙwabtanmu ya yi amai ranar Talata, aka ce kifin ne.

Dokarmu kuwa tsohuwa ce: wanda ya ɓata ruwa, a ƙona komarsa, shi da kamun kifi a tafkin har abada. Ban da komar nan ba ni da komai.

Malama ta karɓi kifin, ta juya shi, ta buɗe ƙayar bayansa da yatsa. Ta daɗe tana kallo. Na ga lokacin da ta gane ɗan ina ne. Ta ɗago ta dube ni.

Wani ya buga bayan motar da sanda. Sau ɗaya.

Kawu ya bi idonta har ya iso kaina.

"Misbahu, kai kake riƙe mata bokiti. Tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin an zuba wani abu a ruwan nan?"