Inna da Keken Ɗinkinta

Da 'yarta ta ce mata ta koma wurinsu can ƙetaren teku, Inna tela ta ce to, amma da keken ɗinkinta. Tsoho ne mai ƙafafun ƙarfe, sai ƙarti biyu ke ɗaga shi.

"Haba Inna, jirgin sama ba zai ɗauki wannan ba," in ji 'yar a waya. "A saya miki sabo."

"To jirgin saman ya yi tafiyarsa."

Haka ta shiga jirgin ruwa. Kwana goma sha ɗaya tana fama da jiri da amai, ko shayi ba ya zama a cikinta. Amma kullum da safe sai ta lallaɓa, tana dafa bango, ta ɗiga mai a keken kada iskar teku ta sa masa tsatsa.

A tasha 'yar ta ga yadda uwar ta rame, ta fashe da kuka. "Duk saboda ƙarfe?"

Inna ta harare ta. "Ƙarfe? Tun da ubanki ya rasu, ni da shi muka rene ki. Kama can gefen, ki bi shi a hankali."