Sunayen da ke Allon Coci

Maganar da ke yawo a cocin ita ce, duk ɗan baƙar fata da ya bar Alabama ya tafi jami'a a jihohin arewa da digiri yake dawowa, in ban da Corliss, jikar Malama Odessa. Hujjar mutane allon da ke bakin ƙofa: sunaye goma sha ɗaya da ruwan zinare.

Odessa ta shekara talatin tana koyar da lissafi, ba ta karɓar amsa sai ta ga hanyar da aka bi. Ta kuma san ranar da ake rubuta suna a allon: Lahadin rakiya, ranar da ake cika wa yaro akwati da barguna da safa. Daga nan ba mai sake tambaya.

Corliss kuwa wata biyu ke nan da dawowarta daga jami'a a Milwaukee, can arewa, ba digiri, ko coci ta daina zuwa.

Sai Odessa ta gasa burodin masara, ta shiga bi gida-gida. Ta fara da gidan Vernell, wadda sunan ɗanta Dwight ke allon.

"Vernell, ina hoton Dwight da rigar digiri? Ke da ko haƙori ya fitar sai kin nuna mana."

"Abinci kika kawo ko bincike?" Vernell ta yi dariya. "Shekara biyu ya yi. Shi kaɗai ne baƙi a ajinsu. Fararen da suka fara tare sun gama. Da ya daina zuwa, ba wanda ya lura. Gyaran mota yake yi yanzu."

"Ƙanwarsa fa, da ta tsaya kwalejin baƙaƙe ta nan kusa?"

"Wannan ai fashin kwana uku ta yi, malaminta ya bugo min waya."

Kwana tara Odessa tana zagaye. Ranar da ta gama, ta tarar da Corliss a baranda tana ɓarar wake.

"Kaka, kin ciyar da gari kaf, ni ko gutsure."

"Matsa can, sarkin ci."

Odessa ta zauna a bayanta, ta fara tsefe mata kitson da ya tsufa.

"Ni kaɗai na ba ki kunya," in ji Corliss ƙasa-ƙasa.

Odessa ba ta daina tsifar ba, ta ce:

"Cikin sha ɗayan da ke allon, uku ne suka gama. Waɗanda suka yi karatu a nan gida, da ba a rubuta sunansu ba, su tara ne. Bakwai sun gama."