Fuskar Deolinda a Jikin Dutse

A maƙabartar garinmu, Matosinhos, kowane kabari da hoton mai shi a jikin dutse, ɗan ƙarami mai siffar ƙwai, an gasa shi a kan tangaran. Na yayata Deolinda ne kaɗai babu. Ita ba ta son hoto, ana ɗaga kyamara sai ta ja gyale ta rufe fuska. Na katin shaidarta kuwa, da Amilcar mai sassaƙa dutse ya duba, cewa ya yi in ya manna shi za a ɗauka ɓarauniya aka binne.

Ga ranar ziyarar kaburbura tana matsowa, farkon Nuwamba, kowa zai zo da furanni ya gaida nasa. Ban so a wuce kabarinta kamar na baƙuwa ba.

Benvinda, wadda muka yi aiki tare a kamfanin kifin gwangwani, ita ta tuna min da Norberto Calhau. Muna 'yan mata yakan zo ƙofar kamfani da yagaggen wando, yana zana gwangwanaye da fuskokinmu. Deolinda ta taɓa zauna masa wuni guda don ya saya mata gasasshen kifi da burodi. Daga baya ya yi suna har ƙasashen waje, ya rasu. An ce zanensa na gidajen nuna zane a Porto.

Muka tafi, ni da baƙaƙen kayan makokina, Benvinda da sandarta.

Gidan farko zanen waliyyai ne da sarakuna. A na biyu muka tarar da zanen gwangwaninmu, ya kai tsayin ƙofa, ja zur, mutane na tsaye a gabansa shiru kamar a coci.

"Kin gani ko, Ermelinda?" in ji Benvinda. "Mu da muka tsufa muna cusa kifi a ciki, ba wanda ya rataye mu a bango."

Amma babu fuska. Ƙafafuna suka kumbura, na ce mu koma gida. Benvinda ta ce in ban da lalaci, ita mai ƙafa uku ba ta gaji ba sai ni. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta ji mu, ta yi waya, ta ce mu gwada wani gida a bakin kogi, hawa na sama.

Can na same ta. Fuska ɗaya ce, ya maimaita ta sau shida, wata rawaya, wata shuɗiya, wata ruwan hoda da koren gashi. A duka tana dariya, wushiryarta a waje. Na manta tana da wushirya, don an daɗe da cire mata haƙoran. Na manta ma ta taɓa yin irin wannan dariya. Sai ciwon ƙarshe nake tunawa. Ban san ina kuka ba sai da mai gadi ya turo min kujera.

A shagon da ke hawa na ƙasa suna sayar da katin zanen. Na kai wa Amilcar. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Baba Ermelinda, in wanke launin in mayar da ita fari da baƙi, kamar na mutanen kirki?"

Na ce ya bar ta yadda take. Na ɗora yatsa a kan mai koren gashin.

Ranar ziyara na wanke dutsen, na jera furanni. Duk layin fuskoki ne a murtuke, fari da baƙi, sai ita kaɗai ruwan hoda tana washe baki. Wata mata ta taɓe baki ta wuce. Amma tsofaffin matan kamfani suna hango ta daga nesa suka karkato, har da waɗanda ba su zo jana'iza ba. Ɗaya ta sa hannu ta shafa tangaran ɗin.

"Deolinda, har nan ma ba ki daina ba?"

Na tsaya a gefe ina riƙe da bokitina, ina jin su suna ba ta labari.